Kafar Bel a Bayan Kube

Mai sayen kube idonsa na kan ado. Zai dubi jan fatar, ya dubi koren da aka tsarga a baki, ya shafa tuntayen da ke reto, sannan a shiga ciniki. Baduku kuwa in an miƙa masa aikin ɗan'uwansa, bayan kuben yake fara juyawa, ya nemi 'yar tsagar nan da bel ke ratsawa. Tsawonta bai kai yatsa ba, amma ita ke ɗauke da wuƙa da gidanta tun safe har dare, ita ke shan fizga duk sa'ad da mai ita ya sunkuya a gona ko ya ɗare babur. Ranar da ta yage, sauran ɗinkin ya tashi a banza.

A ƙasar Danchadi, cikin ƙaramar hukumar Bodinga, kudu da birnin Sakkwato, masu neman wannan aiki sanannu ne: mahauta, maharba, makiyaya da 'yan banga. Ƙaramar bindigar da dukawan Amurka ke ɗinka wa gida a ƙugu ba kayan kowa ba ce a nan, doka ta ƙuntata riƙe ta, shi kuma maharbi doguwar bindigarsa a kafaɗa take kwana. Saboda haka abin da badukunmu ke yi wa kafar bel shi ne kuben wuƙa, sai gidan tocila da na wayar salula. Wanda bai sami mai yi masa a kasuwar kusa ba, sai ya nufi shiyar Madunka a Sakkwato, inda sana'ar ta yi gida tun kaka da kakanni.

Ita kanta kafar bel baƙuwa ce a dukanci. Mahayan da suka kewaye Shehu Usmanu a Sifawa, nan cikin ƙasar Bodinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815, da hamila suke rataya takobi a kafaɗa. Buzu kuwa wuƙarsa a hannu take, cikin kube mai zoben fata. Faffaɗan bel ya bazu ne tare da kakin soja da na 'yan sanda bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Dukawa sun gaji ɗinkin gafaka da laya da zabira da kayan doki, amma wannan tsaga sai da suka koya wa kansu.

Abu na farko da ta koya musu shi ne fatar da ake alfahari da ita ba ta isa ba. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, laushi gare ta, tana shan rini, tana karɓar zane. Laushin nan shi ne cikas a wurin rataya. In aka tsaga ta ita kaɗai, ba za a daɗe ba ta miƙe, kube ya fara lilo. Dole a yi mata majingina da ƙirgi, shi ma daga gadon bayan sa, inda fata ta fi tsauri. Ta wajen ciki saki gare ta, ko majemi ya iya aikinsa.

Jimar ma da magana. Wadda aka jeme da bagaruwa ita ce ta wannan aiki, domin in an ɗan yayyafa mata ruwa tana bin hannu, in ta bushe ta tsaya yadda aka bar ta. Sai dai ba ta shiri da tsatsa. Ƙarfe ya taɓa ta tana da danshi, nan take wurin ya yi baƙi, kuma ba ya goguwa. Wannan haɗuwar ce dai ake amfani da ita da gangan wajen yin baƙin kuloko. Shi ya sa za ka ga maigida yana goge bakin madoshi kafin ya ɗora shi a kan jar fata, yana yi wa yaronsa faɗa in ya bar aska a kan aikin da bai bushe ba.

Ga yadda yankan ke tafiya. Ba a tsaga fatar akuyar da ƙirgin daban-daban sannan a haɗa, don ba za su taɓa daidaita ba. Sai an manne su, an ɗinke, sun zama abu guda. Daga nan a auna faɗin bel, wanda galibi inci ɗaya da rabi ne, a ƙara ɗan kaɗan saboda lanƙwasar da zai yi a ƙugu. A sa alama biyu da tsinin basilla, a kuma bar isasshiyar fata tsakanin tsagar da gefe. Sai a ɗora a kan katako mai laushi, a kafa madoshi mai zagayayyen baki a kan kowace alama, a buga sau ɗaya da ƙarfi. Bugu biyu kan sa madoshi ya goce, hudar ta fito da leɓe.

Waɗannan huda biyu su ne sirrin. Tsagar da ta ƙare da tsini, nan nauyi ke taruwa, kuma daga nan yagewa ke farawa, kamar yadda mai yadi kan ɗan tsaga baki da almakashi ya ja sauran da hannu. Zagayayyen ƙarshe raba nauyin yake yi. Bayan huda, sai a haɗa su da yanka biyu miƙaƙƙu. Gwani ba ya jan aska daga wannan huda har ya faɗa waccan. Yakan taso daga kowace ya tsaya a tsakiya, don in hannu ya zarce, ya zarce cikin abin da za a zubar. Kuma a hankali ake shiga, ja biyu ko uku, askar a tsaye cak. In ta kwanta, fuskar tsagar za ta yi kyau, bayanta ya karkace.

A ƙasashen waje akwai madoshi mai dogon baki da ke fitar da tsagar gaba ɗaya, kuma maƙeri na iya ƙera irinsa da guntun bututun ƙarfe. Yana da sauri, amma girma ɗaya ya sani, bel ɗin mutane kuwa iri-iri ne. A ganina wanda ya iya huda biyu da aska ya fi shi 'yanci.

Saura gyaran baki: a ɗan fere kaifin gefen, a shafa danshi, a murza da santsin itace ko ƙashi har ya yi sheƙi, don kada ya riƙa cin bel. Wannan ne masu gaggawa ke tsallakewa, musamman in maharba sun taso da rani kowa na son nasa yau. Baduku mai mutunci zai ce, “Malam, ba a fafe gora ranar tafiya. Bar mini bel ɗin, ka dawo jibi.”

Abin da ya fi damun masu sana'ar yanzu ƙirgi ne. Fatar shanu da yawa tukunya take tafiya a matsayin ganda, mai kyau ta awaki da tumaki kuma masana'antun jima na Kano na saye su fitar waje. Wadda ta rage sau da yawa tana ɗauke da yankan wuƙar mai fiɗa, raunin da ba ya bayyana sai an tsaga kusa da shi. Ga kuma fatar roba da ta cika kasuwa da araha, wadda zare ne a cikinta, da an huda ta sai ta fara saɓulewa. Don haka kube iri biyu ne a gaban baduku, kuɗinsu ba ɗaya ba, kuma in ka tambaye shi zai faɗa maka wanda ya sa wa ƙirgi a baya.