Zuwa Kasuwar Maigatari da Goyo: Ina Za a Kwana?

Ga waɗanda data ta hana su saurare, ga shirin a rubuce.

Yau maganar masauki za mu yi, musamman ga wadda neman abinci ya fitar da ita gida kuma ba ta da inda za ta bar yara. Ni nan sarin zoɓorodo da riɗi nake yi daga Maigatari zuwa Kano, kuma shekaru biyu na yi ina wannan zirga-zirga da yara biyu, ɗaya a baya ɗaya a hannu.

Zuwana na farko, wallahi na sha wuya. Na taso daga Kano bayan la'asar ranar Laraba, na isa da dare. Abin da ban lissafa ba shi ne kasuwar Maigatari Alhamis take ci, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan. 'Yan Nijar sun shigo da shanu da raƙuma, 'yan kudu sun iso da tireloli, kowa na neman wurin sa haƙarƙari. Ɗakin da na samu kusa da tasha, janareto ne a gindin tagarsa. Ƙaramar ta kwana tari, ni na kwana zaune ina yi mata fifita. Da gari ya waye, kuɗin da nake ganin na rage a ɗaki sai ga shi na kai wa mai kemis.

To darasi na farko, daren Laraba shi ne daren tsada. In kina da hali ki shiga tun da hantsi, ki ga ɗakin da idonki da rana kafin ki biya.

Yanzu ga hanyar da ta fi yi mini, kuma ita ce matasa suka fi rainawa: gidan fatoma. Fatoma shi ne mutumin gari mai saukar da baƙin 'yan kasuwa, ya ba su wurin kwana da abinci, ya haɗa su da masu kaya, ya tsaya musu in an sami saɓani. Tsohon tsari ne tun zamanin fatake, har a Sabo ta Ibadan da shi Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro. Ba a biyan kuɗin ɗaki, shi a la'ada yake samun nasa. Namiji a sauke shi a zaure ko shago, mace kuwa cikin gida take shiga wurin matansa. Nan ne ribar take ga mai yara, domin kin sami abin da babu otal ɗin da zai sayar miki, wato hannun da zai riƙe miki yaro. Kara ba wurin yaro ba ne. Ga ƙahon shanu, ga raƙuma, ga mota na ja da baya, ga ƙura. Ni nakan bar babban a gida yana wasa da 'ya'yansu, in goya ƙaramar saboda nono.

Amma fa kada a yaudare ki, kyautar tana da farashi. Kin sauka gidansa, to kunya ba za ta bar ki ki sayi kaya ta hannun wani ba, ko da can ya fi sauƙi. Sannan ba a shiga hannu rabbana. Nakan riƙo sabulu, sukari da ɗan biskit na yara, ranar tafiya kuma in damƙa wa uwargida wani abu in ce, "Yaya, ga na cefane." Kuma kada ki sauka gidan da ba wanda ya san ki ya haɗa ku. A bar mutanen gida su san sunan mai gidan da unguwarsa.

In ba ki da wannan hanya, ki duba Gumel. Tafiyar ba ta da nisa, kuma da yake nan ne fadar masarautar da ta haɗa Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ga Kwalejin Ilimi ga babban asibiti, an fi samun gidajen baƙi. Ki kwana can, ki yi sammako. Sai dai ki haɗa kuɗin mota zuwa da dawowa cikin lissafi, kar ki tsere wa tsada a ɗaki ki same ta a hanya.

Kafin ki biya, ki tambaya: kuɗin na ɗaki ne ko na kai? In kwana uku za ki yi, ki nemi ragi tun farko, ana yi. Ɗaki mai fanka ya ishe ki, in dai akwai sola, don na'urar sanyaya ɗaki ba wuta ado ce kawai. Ki leƙa banɗaki, ki murɗa famfo, ki gwada sakata. Ki riƙe katin ɗan ƙasa, saboda wasu wuraren sukan yi wa mace tambayoyi in ta zo ita kaɗai.

Masu daɗewa kuma, irin lokacin kaka zuwa hunturu da kaya ke fitowa, mu uku muka taɓa haɗa kuɗi muka kama ɗaki na wata. Muna girki da kanmu, muna karɓa-karɓar zama da yara. Ya fi komai arha, amma sai da haƙuri, don kukan ɗan wani da tsakar dare ba irin na naka ba ne.

Duk inda za ki kwana, gidan sauronki ya zama a jaka, musamman da damina. Ki sa gishirin ORS da zinc saboda gudawa, da katin rigakafin yaro. Da sanyi kada ki kwana da gawayi a ɗaki rufe, hayaƙinsa ba ya wari amma yana kisa, haka na janareto. Da bazara kuma, wajen Maris zuwa Mayu, ki guji ɗakin da aka cunkushe ba iska, lokacin sanƙarau ke nan.

Abu ɗaya da na daina shi ne tsallakawa Nijar da yara. An rufe iyaka a Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe ta Maigatari. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris 2024. Ki yi tunanin rufewar ta same ki a Dungas ko Magarya da guzurin kwana biyu da yaro mai shan koko. In cinikin na can ne, fatoma yana da yaran da zai aika.

Mako mai zuwa za mu yi maganar yadda ake gane zoɓorodon da aka yayyafa wa ruwa don ya yi nauyi. Sai mun haɗu, a gaida yara.