Shayarwa a Ɗan Gulbi: ruwa, tatsar nono da sauran tambayoyin masu jego

A ƙaramar hukumar Ɗan Gulbi da ke gundumar Dakoro, cikin jihar Maraɗi, hutun mai jego ba ya wuce arba'in. Da an gama wankan jego sai ta koma rijiya, daka da neman itace, idan kuma damina ce ga gandu ga gamana suna jiran ta. A nan ne shawarar da aka ba ta a asibiti, wato nono zalla har wata shida, take cin karo da zafin rana da yawan aiki da kuma maganar kaka.

Matsalar ba ta Ɗan Gulbi kaɗai ba ce. Binciken ƙasa kan lafiyar jama'a na shekarar 2012 ya nuna kashi 23 cikin 100 ne kawai na jariran Nijar da ba su kai wata shida ba suke shan nono zalla, alhali burin da Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) ta sa a wancan lokacin shi ne a kai kashi 50 a shekarar 2025. Matan Nijar ba su ƙi shayarwa ba, kusan kowace uwa tana ba da nono har yaye. Abin da ake haɗawa da nonon shi ne damuwar. Ga tambayoyin da suka fi yawa, da abin da masana lafiya suka tabbatar a kansu.

Daƙashi yana da illa?

Nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa, wasu gidaje tatse shi suke yi su zubar. Akwai ma inda ake gwada shi da tururuwa: idan ta mutu a ciki sai a ce nonon mugu ne, a riƙe jariri da ruwan sukari, madarar akuya ko bauri har kwana biyu ko uku. Tururuwar kaurin daƙashin ne ke riƙe ta, ba guba ba. Daƙashi shi ne rigakafin farko, cike yake da sinadaran da ke kare hanjin jariri daga cuta, kuma yana taimaka masa ya fitar da baƙin kashin farko. Ƙanƙantarsa ma daidai ce, domin a ranar haihuwa cikin jariri bai fi ɗaukar cokalin shayi ɗaya da ɗan ƙari ba a kowane sha. OMS da UNICEF sun ba da shawarar a sa jariri ga nono cikin awar farko bayan haihuwa. Tsotson nasa yana sa mahaifa ta tsuke, jinin da uwa ke zubarwa ya ragu.

A zafin Afrilu da Mayu, ba za a ba shi ruwa ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace wuya, domin a ƙasar da zafi ke haura digiri 40, hana jariri ruwa kamar rashin imani ne a idon surukai da maƙwabta. Amma fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwa ne mai tsabta. Jaririn da ya ji ƙishirwa yakan nemi nono sau da yawa, ya sha kaɗan-kaɗan, hakan ya ishe shi.

Ruwan rijiya ko na randa yana yi masa ɓarna iri biyu. Yana iya kawo zawo, sannan yana cika ɗan cikinsa da abin da ba abinci ba, sai ya rage tsotso, nonon uwar ma ya ragu. Daga zawo da ƙarancin nono hanyar tamowa gajera ce. Shi ya sa a watan Nuwamba na 2019 UNICEF da OMS da abokan aikinsu suka ƙaddamar da gangami a Abijan domin ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kan batun nan guda: nono kaɗai, ban da ruwa, har wata shida. Mai buƙatar ƙarin ruwa ita ce uwar. Abin da aka yarda a ba jariri shi ne maganin da likita ya rubuta, ɗigon rigakafi, da ruwan gishiri da sukari na asibiti idan yana zawo.

Ta yaya za a san nono yana isar sa?

Kuka kaɗai ba shaida ba ce. Alamun da ake dubawa su ne fitsari da nauyi. Daga kwana na biyar, jaririn da ke ƙoshi yana fitsari aƙalla sau shida a yini da dare, fitsarin kuma ba mai duhu ba. Yakan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, ya maido da shi cikin kamar mako biyu, sannan ya riƙa hawa. Amfanin zuwa awon jarirai a CSI ke nan, kuma tun 2006 gwamnati ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta.

Nono yana bin tsotso ne: gwargwadon abin da aka cire, gwargwadon abin da jiki zai sake yi. Jariri sabon haihuwa yana sha sau takwas zuwa goma sha biyu a awa 24, har da dare. A bar shi ya gama da nono ɗaya kafin a juya shi, domin maiƙon da ke ƙosarwa ya fi yawa a ƙarshen sha. Uwa kuma ta ƙara abinci daga abin da ke gida: fura da nono, kunu, wake, gujiya, zogale, ƙwai ko nama idan an samu. Ko macen da ba ta da jiki sosai nononta yana da amfani, a ciyar da ita maimakon a sayo wa ɗan madara.

Me ke sa kan nono ya tsage?

Galibi rashin kama nono da kyau ne. Idan jariri ya kama kan nonon kaɗai, uwa za ta ji zafi, shi kuma ba zai ƙoshi ba. Kamu mai kyau yana da alamu huɗu: baki a buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓa ta taɓa nono, sannan baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi bayyana ta sama da bakinsa. Idan nono ya kumbura ya yi tauri, a dafa shi da tsumma mai ɗumi, a ɗan tatse, a ci gaba da ba jariri. Idan ya yi ja da zafi har da zazzaɓi, a tafi asibiti, kada a tsaya shafe-shafe.

Idan uwa za ta gona ko wurin aiki fa?

Mafi sauƙi shi ne ta tafi da goyonta. In ba zai yiwu ba, sai ta tatsa ta bari. Ba sai da na'urar tatsa ta kanti ba, wadda ke da tsada da wuyar wankewa inda ruwa ke ƙaranci. Hannu ya isa. Ta wanke hannu da sabulu, ta samu kofi mai murfi da aka wanke aka zuba wa tafasasshen ruwa. Ta sa babban yatsa sama da manuni ƙasa, a gefen baƙin da ke kewaye da kan nono, ta danna zuwa ƙirji, ta matsa, ta saki, tana zagayawa. Ta yi minti uku zuwa biyar a kowane nono tana canzawa, har kamar minti 20 zuwa 30. Ranar farko kaɗan ke fitowa, da sabo yake ƙaruwa.

Ajiya ita ce wurin lura. A ɗaki mai sanyi, nonon da aka tatsa yana kai awa huɗu lafiya lau. A lokacin zafi gara kada ya kai haka, kuma a sa kofin a rufe cikin ƙwarya mai ruwan sanyi, a inuwa kusa da randa. Mai firij tana iya ajiye shi har kwana huɗu. Ba a tafasa shi, sai dai a tsoma kofin cikin ruwan ɗumi. Idan maiƙo ya taso sama ba lalacewa ba ce, a kaɗa shi a hankali. Mai reno ta zaunar da jariri a cinyarta, ta kara ƙaramin kofi a leɓensa ya riƙa lasa da kansa, kada ta ɗura masa. Kofi ya fi biberon, wanda datti ke maƙalewa a robarsa. Abin da ya rage bayan ya sha a zubar.

Ga malamar makaranta ko ma'aikaciya, dokar aiki ta Nijar ta tanadi hutun haihuwa na mako 14, da hutun shayarwa har awa ɗaya a ranar aiki bayan ta koma.

Rashin lafiya ko sabon ciki suna ɓata nono?

Zazzaɓin cizon sauro, mura ko zawo ba sa hana shayarwa. Uwa ta gaya wa likita tana goyo domin ya zaɓa mata magani. Mai ɗauke da cutar sida ta bi shawarar asibiti, ta riƙe shan maganinta ba fashi. Haka rurrutsa: an saba yaye yaro rana ɗaya, a kai shi wurin kaka, da zarar an ga ciki. Nonon mai ciki ba guba ba ne, yaye na farat ɗaya ne ke jefa yaro cikin rama. Shayarwa tana iya hana ɗaukar ciki, amma sai sharuɗɗa uku sun cika tare: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Idan ɗaya ya faɗi, sai a nemi wata hanyar tazarar haihuwa.

Da wata shida ya cika, a fara kunu mai kauri da aka inganta da gujiya ko wake, a ba shi ruwa mai tsabta, nono kuma ya ci gaba har shekara biyu, adadin da Alƙur'ani ma ya ambata. Kafin nan, aikin bai tsaya kan uwa ba. Kaka ce ke riƙe da jariri idan an tafi rijiya, ita ce za ta ba shi kofin nono ko ludayin ruwa. Maigida kuma shi ke da ikon rage wa mai goyo aikin gandu da ƙara mata abinci.