Sauya tsarin man mota domin amfani da etanol

Sauya tsarin man mota domin amfani da etanol aiki ne da ake yi wa motar da aka ƙera don shan fetur zalla, ta yadda za ta iya ƙona fetur ɗin da aka gauraya da etanol mai yawa ba tare da injin ya lalace ba. Aikin ya shafi famfon mai, injektoci, tiyo, matacin mai da kuma kwamfutar da ke sarrafa injin. An fi yin sa a motocin tsere da motocin da aka ƙara wa ƙarfi, musamman masu turbo.

Etanol da gauraye-gaurayensa

Etanol wani sinadari ne mai kama da ruwa da ake samu idan aka tsima sukari ko sitaci sannan aka tace. Ana yin sa da rake a Brazil, da masara a Amurka, da rogo a Tailan. Ana nuna yawansa a cikin fetur da harafin E da lamba: E10 na nufin kashi 10 cikin 100 etanol ne, sauran kuma fetur. E85 shi ne wanda masu motocin tsere suka fi nema, ko da yake a Amurka etanol ɗin da ke cikinsa kan kama daga kashi 51 zuwa 83, gwargwadon yanayin sanyi ko zafi.

Yawancin motocin zamani suna shan E10 ba tare da an canja musu komai ba. Buƙatar gyara tana tasowa ne idan gaurayen ya haura haka sosai.

Tarihi

Brazil ce ta fara amfani da etanol a matsayin man mota a faɗin ƙasa. Bayan tashin farashin ɗanyen mai na 1973, gwamnatinta ta ƙaddamar da shirin Proálcool a 1975. A 1979 aka fitar da Fiat 147 mai shan etanol zalla, sannan a 2003 kamfanin Volkswagen ya fitar da Gol Total Flex, wadda ke karɓar fetur ko etanol ko gaurayensu. A fagen tsere, gasar IndyCar ta koma etanol a 2007, NASCAR kuma ta fara amfani da E15 a 2011. Motar Koenigsegg CCXR ta ƙasar Suwidin, wadda ta fito a 2007, tana ba da ƙarfin doki 1,018 da E85, alhali 'yar'uwarta CCX mai shan fetur tana ba da 806.

Dalilin yin gyaran

Etanol ya fi fetur jure matsi kafin ya kama da wuta. Ma'aunin oktan ɗinsa ya kai kusan 108, na fetur ɗin gidan mai kuwa yawanci tsakanin 91 ne da 98. Haka kuma yana sanyaya iskar da ke shiga silinda yayin da yake zama tururi. Waɗannan abubuwa biyu suna rage ƙwanƙwasar inji, wato fashewar mai ba a kan lokaci ba, wadda ke iya fasa fistin. Saboda haka ana iya ƙara matsin turbo a samu ƙarin ƙarfi.

Sai dai ƙarfin da ke cikin lita ɗaya ta etanol bai kai na fetur ba. Ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin uku. Fetur yana ƙonewa daidai idan aka haɗa kilo 14.7 na iska da kilo 1 na mai. Ga E85 kuwa, kilo 9.8 na iska ne ke daidai da kilo 1. Ma'ana, injin yana buƙatar ƙarin mai da ya kai kashi 30 zuwa 40 cikin 100. Idan tsarin man bai iya kawo wannan adadi ba, iska za ta yi wa man yawa, zafi ya hauhawa, fistin ko bawul su ƙone.

Kayan da ake canjawa

Famfon mai: ana sa wanda ke tura lita mafi yawa a awa, kuma wanda aka ƙera da kayan da etanol ba ya ci. A wasu motocin ana haɗa famfo biyu, a kuma ƙara kaurin wayar da ke kai musu wuta.

Injektoci: ana sa masu feshi da yawa. Misali, injin da ke aiki da injekta mai fesa cc 440 a minti da fetur zai buƙaci mai kusan cc 600 da E85, tun kafin a ƙara masa ƙarfi.

Tiyo da robobi: etanol yana kumbura roba ta gargajiya ko ya busar da ita har ta tsage, yana kuma cin wasu ƙarafa kamar tutiya da tagulla da alminiyon da ba a rufe shi da kariya ba. Ana maye gurbinsu da tiyo mai cikin Teflon, zobban Viton da bakin ƙarfe marar tsatsa.

Matacin mai: etanol yana wanke dattin da ya daɗe a tanki, dattin kuma ya toshe mataci. Akan sa na ragar ƙarfe ko na zaren gilashi, a kuma duba shi bayan cika tanki na farko da na biyu.

Kwamfutar inji: dole a sake tsara ta ta san yawan man da za ta fesa da lokacin da filogi zai ba da wuta. Akan ƙara na'urar da ke auna yawan etanol a cikin tiyo, domin kwamfutar ta daidaita kanta duk irin gaurayen da aka zuba.

Matsaloli

Etanol yana jan danshi daga iska. Idan ruwan ya yi yawa, sai ya haɗu da etanol su kwanta a ƙasan tanki, fetur ya tsaya a sama, famfo kuma ya riƙa zuƙo na ƙasan. Wannan ya fi faruwa ga motar da aka ajiye tsawon lokaci, musamman da damina. Tayar da inji cikin tsananin sanyi ma yana wahala, domin etanol ba ya saurin zama tururi kamar fetur. Sannan tanki ɗaya ba ya kai nisan da fetur ke kaiwa, don haka arhar lita ba lallai ta zama arhar tafiya ba.

A Najeriya

Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya kafa sashen makamashi mai sabuntuwa a 2005, kuma a 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar man tsirrai, wadda ta tanadi E10 daga rogo da rake. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, amma shirin bai kai ga wadata gidajen mai ba, kuma ba a sayar da E85 a famfo kamar yadda ake yi a Amurka ko Faransa. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnati ta fi mayar da hankali ga sauya motoci zuwa iskar gas ta CNG.

A farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai ɗauke da metanol fiye da ƙima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Hukumar NMDPRA ta sanar da janye shi, lamarin da ya jawo dogayen layuka a Abuja da Legas, masu motoci da dama kuma suka koka da lalacewar injinansu. Metanol ba etanol ba ne, kuma ya fi shi cin roba da ƙarfe, amma abin ya nuna irin ɓarnar da ke faruwa idan mai bai dace da tsarin da aka ƙera wa mota ba.

A Kaduna, tsofaffin motocin Peugeot 504 da 505 da kamfanin PAN ya haɗa a Kakuri galibi masu kafireto ne, kuma robobinsu da famfonsu ba a yi su don etanol mai yawa ba. A ɗaya ɓangaren, cikin motocin hannu da ake shigowa da su daga Amurka akwai waɗanda tun daga masana'anta suke karɓar E85, kamar wasu samfuran Chevrolet Tahoe da Ford F-150 da Toyota Tundra. Akan gane su da murfin tanki ruwan ɗorawa ko tambarin Flex Fuel, kuma suna shan fetur zalla ba tare da matsala ba. Mai sayen kayan gyara a kasuwa irin ta Panteka yana buƙatar duba lambar kayan, domin famfo ko injekta na irin waɗannan motoci kan bambanta da na takwarorinsu masu shan fetur kaɗai.