Daga Mosko zuwa Beijin a jirgin ƙasa: me ma'aurata za su tarar?

Hanyar jirgin da ta tashi daga Mosko a Rasha, ta ratsa Mongoliya ta dangana da Beijin a Sin, ta haura kilomita 7,600, tafiyar kwana shida. Miji da mata kan kama ɗakin mutum biyu. Mai gado huɗu ya fi araha, amma da baƙi za a kwana. Kowane tarago na da tukunyar ruwan zafi, shayi ba ya yankewa. Ta taga ana ganin tafkin Baikal, daga baya kuma hamadar Gobi.

Abin kallo yana garin Erlian, a iyakar Sin. Faɗin layin dogon Rasha da Mongoliya milimita 1,520 ne, na Sin kuwa 1,435. Don haka sai a ɗaga taragai ɗaya bayan ɗaya, a sauya musu ƙafafu. Aikin na cin sa'o'i, ga jami'an shige da fice suna duba takardu cikin dare. Marar haƙuri a nan ake gane shi.

An dakatar da jirgin kai-tsaye a 2020 saboda korona. Mai niyya ya fara tambayar jiragen da ke aiki, ya kuma nemi bizar kowace ƙasa tun daga gida.