KUƊIN ABINCI TUN GABA A TAFIYAR HUTU: RIBA CE KO ASARA?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, don waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Shirin yau amsa ce ga wani ɗan uwa da ya turo saƙo daga Abuja. Ya ce zai kawo iyalinsa Kano hutun Sallah na kwana uku, shi da maiɗakinsa da yara uku, su ga gidan zu, su hau Dala, su shiga Kasuwar Kurmi. Mai shirya musu tafiyar ya ba shi zaɓi biyu: ko ya biya kuɗin masauki da mota kawai, ko ya ƙara wani abu a haɗa masa da abinci sau uku a rana a masaukin. Tambayarsa ita ce, wanne ya fi?

To ɗan uwa, amsar a taƙaice: ya danganta da inda ƙafarka za ta kasance lokacin da yunwa ta taso. Bari mu warware a hankali.

Mu fara da inda wannan harka ta fi shahara, wato Amurka. A jihar Florida, kusa da birnin Orlando, akwai Walt Disney World, katafaren wurin shaƙatawa da lilo da aka buɗe a 1971. A 2005 suka fito da tsarin biyan kuɗin abinci tun kafin ka iso. Sun dakatar da shi a 2020 lokacin korona, suka dawo da shi a Janairun 2024. Yadda yake aiki: ka biya tun daga gida, sai a zuba maka maki gwargwadon dararen da za ka kwana. A babban tsarin, kowane dare yana ba ka cin abinci ɗaya na zama a tebur a kawo maka, ɗaya na karɓa a kanta, da ɗan abin taɓawa ɗaya, haɗe da kofin da za ka riƙa cikawa da lemo a otal ɗinka.

Ya yi daɗin ji ko? To saurari sharuɗɗan. Sai wanda ya sauka a otal ɗinsu zai iya saya. Duk wanda ya kai shekara uku a cikin ɗakin sai an sa shi a tsarin, ba zaɓe. Yaro da ya kai shekara 10 kuɗin babba ake caji, ko da cinsa bai wuce na kyanwa ba. Tukuicin ma'aikacin da ya kawo maka abinci ba ya ciki. Sannan makin da ba ka ci ba, da ƙarfe 12 na daren ranar da ka bar otal ya ƙone, ba a mayar da ko sisi. Shi ya sa za ka ga mutane ranar tafiya suna cika jaka da alewa da biskit, ba don suna so ba, sai don kada kuɗinsu ya tafi a banza.

Kamfani ba wawa ba ne. Ya san cikin mutum ɗari da suka biya, da yawa ba za su cinye abin da suka biya ba. Kuma ya san wanda ya riga ya biya ba zai fita waje neman abinci ba. Ribarsu biyu ke nan: ragowar da ka bari, da ɗaure ka da aka yi a wuri ɗaya.

Yanzu mu dawo gida. Kada ku ɗauka Turawa ne suka ƙirƙiro haɗa kwana da ci a ciniki ɗaya. Kasuwar Kurmi ta san wannan tun kafin a san akwai Disney.

An kafa Kurmi a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ita ce kasuwar da fatake ke saukewa: masu raƙuma daga Agadas da Gadamus da Tarabulus da gishiri da kayan Arewa, masu jakuna daga Gwanja da goro, su kuma su ɗauki baƙin yadi na rini da fatu da takalma. Baturen nan Clapperton ya shigo Kano a 1824, Barth kuma a 1851, duk sun rubuta labarin kasuwar. To baƙon da ya yi wata biyu ko uku a hanya, ina zai kwana, me zai ci?

Nan fatoma ke shigowa. Fatoma shi ne mai masaukin fatake. Ya ba ka ɗaki, ya adana kayanka, a kawo maka tuwo daga cikin gida, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka idan za a ba da kaya bashi. Ba a kawo maka lissafin kwanon tuwo. Amma idan kayanka suka shiga kasuwa ta hannunsa, yana da la'adarsa. Wannan tsari ya bi Hausawa har Kurmin Yarbawa da Gana. Abner Cohen ya yi littafi a 1969 kan Sabon Ibadan, inda ya nuna yadda masu gida ke saukar da fataken shanu da na goro, su ciyar da su, riba ta fito daga ciniki.

Kun ga darasin? Tuwon fatoma ba kyauta ba ne, yana cikin la'ada. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Amma fa ga bafatake cinikin ya yi, domin baƙo ne, bai san gari ba, zai daɗe, kuma abin da ya saya ba tuwo kaɗai ba ne, har da amana da kwanciyar hankali.

Har yau akwai ɓurɓushin wannan a kasuwa. Ɗan kasuwa mai rumfa zai yi magana da mai abinci, kullum da azahar yarinya ko yaro ya kawo kwano, shi da yaran shago, a biya a ƙarshen mako ko a ba da wani abu tun gaba. Wannan yana yi masa aiki don dalili ɗaya: kullum da azahar yana wurin nan, a kan tabarmar nan. Ba kwanon da zai salwanta. Kuma a lokacin tsada, kamar tsakiyar 2024 da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, wanda ya tsayar da farashi na wata guda ya ɗan tsira. Sai dai ita ma mai abincin tana da dabararta: kuɗi na nan yadda yake, amma malmalar ta rage ƙiba, naman ya koma yanka ɗaya.

To kai ɗan uwa na Abuja, kai ba ɗan rumfa ba ne, kuma ba bafatake ba ne. Kai ɗan yawon buɗe ido ne na kwana uku. Mu yi lissafi. Lambobin nan misali ne kawai, ka sa naka na gaskiya a wurinsu.

A ce an caje ka naira 12,000 kowane mutum a rana. Ku biyar, kwana uku, ya kama 180,000. A takarda, ci tara ne sau mutum biyar, faranti 45, kowanne ya tashi 4,000. Ka ce ai ba laifi.

Yanzu mu shigo zahiri. Ranar farko kun taso daga Abuja da safe, sai bayan azahar kuka iso, ko da an ajiye muku na rana, karin kumallo dai ya wuce. Ranar shiga Kurmi, ƙarfe ɗaya ta yi kuna tsakiyar 'yan dukawa, Hajiya na cinikin jakar fata, yara sun maƙale wajen masu kayan doki suna kallon sirdi da linzami. Lungunan Kurmi mota ba ta shiga, sai kun taka kun fito titi, sannan ga cunkoson cikin gari lokacin Sallah. Wa zai koma masauki don farantin shinkafa? Na rana ya tafi. Da dare kuma gwaggon maiɗakinka da ke Fagge ta rantse sai kun ci tuwonta. Ka san baƙo a Kano ranar Sallah, ba a tambayarsa ko yana jin yunwa, ajiye masa ake yi. Na dare ya tafi. Rana ta uku da la'asar kun kama hanya, na daren nan ma ya tafi.

Cikin ci tara, saura biyar. Faranti 25. Autarku 'yar shekara huɗu a kwanon uwarta take ci, cire biyar. Saura 20. Raba 180,000 gida 20: kowane faranti ya koma 9,000. Ya ninka har da ɗori. Kuma ba mu sa kuɗin da kuka kashe a kasuwa da yunwa ta kama ku ba.

Akwai wata asarar da ba ta shiga kalkuleta. A Disney abinci hutu ne tsakanin lilo da lilo. A cikin birnin Kano kuwa, abincin yana cikin abin da ka zo gani. Kurmi tana jingine da Jakara, unguwar da ta yi suna wajen gurasa. Ka zo har nan, ka bar bandashe mai ƙuli-ƙuli da albasa da man gyaɗa, ka koma otal cin soyayyar shinkafar da kake samu a Abuja kullum? Ga fura da nono a ƙwarya, ga ɗanwake, ga waina da miyar taushe, ga alkaki da nakiya na tsaraba, ga balangu da yamma. Yaran da suka tashi a Abuja, wannan ne za su riƙa ba da labari a makaranta. Wanda ya biya tun gaba, ko ya ga gurasa ransa ya biya, zuciyarsa na ce masa kai, ka fa riga ka biya wancan. Kuɗin da ya fita ya zama igiya.

To yaushe ne biya tun gaba ke da amfani? Kada a ce na kushe shi gaba ɗaya.

Na ɗaya, idan wurin da za ka a killace yake, ba zaɓi. Babban misali aikin Hajji. A Mina da Arfa, cikin miliyoyin mutane da zafin rana, ba wanda ke son yawon neman abinci, shi ya sa ake haɗa ciyarwa cikin kuɗin kujera. Duk da haka alhazanmu ba sa rabuwa da yaji da garin kwaki a jaka, don harshe ba ya canzawa a jirgi.

Na biyu, idan ayari ne babba, kamar makaranta ta kwaso ɗalibai 40 zuwa Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata. Malami ba zai iya bin kowane yaro da canji ba. A nan a yi oda tun gaba, a kawo a ƙunshe, kowa ya karɓa lokaci ɗaya.

Na uku, idan akwai mai lalura: tsoho mai ciwon suga da dole ya ci a kan lokaci, ko yaro mai saurin ɓacin ciki. Tsafta ba abin wasa ba ce. Ko a kasuwa za ku ci, ku zaɓi abin da ake saukewa da zafi a gabanku, wurin da mutane ke layi, ku riƙe ruwan roba, a wanke hannu.

Na huɗu, idan ka san halinka. Akwai wanda in kuɗi na aljihunsa a Kurmi, sai turare da hula da takalmi sun cinye kuɗin abincin kafin la'asar. Amma wannan ma akwai magani mai sauƙi: ware kuɗin abinci a ambulan uku, ko a wani asusu daban, kowace rana da nata. Ka yi wa kanka tsarin biya tun gaba, sai dai ragowar taka ce, ba ta ƙonewa da sha biyun dare.

Kafin ka tura wa kowa kuɗi, ga tambayoyin da za ka yi, kuma a ba ka amsa a rubuce ko da ta WhatsApp ce. Me za a ba mu takamaimai, ba wai "abinci mai kyau" ba? A ina za a ci, da ƙarfe nawa? Idan muna waje, za a ƙunsa mana mu tafi da shi? Idan ba mu ci ba, ana mayar da kuɗi? Yara nawa ne kuɗinsu, daga shekara nawa ake lissafa su manya? Ruwa da abin sha suna ciki? Kuma zan iya ɗaukar na safe kaɗai?

Wannan ta ƙarshe ita ce shawarata gare ka ɗan uwa. Karɓi karin kumallo kawai. Da safe kowa na masauki, yara na jin yunwa, kuma a ranakun Sallah ba kowane mai shayi ko mai ƙosai ke fitowa da wuri ba. Wannan kwano ne da ba zai salwanta ba, irin na ɗan rumfa. Na rana da na dare kuwa, bar su a aljihunka. Ku shiga Kurmi da hantsi kafin rana ta take, ku ci abin da ido ya gani rai ya so, ku fito kafin magariba don kasuwar ba ta kai dare. Kuma ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, don ba kowace mai fura ke karɓar taransfa ba.

Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ƙirga farantin da za ku ci da gaske, ba wanda aka rubuta a talla ba, sannan ka raba.

Ku kuma sauran masu bibiyarmu, wa ya taɓa biyan abinci tun gaba, a Umara ne, a makaranta ne, ko a wajen mai abincin unguwa? Kun ci riba ko an ci da ku? Ku ba mu labari, za mu karanto wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ɗan uwa na Abuja, Allah ya kawo ku lafiya, a gaida Hajiya da yara.

Sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.