Wasiyyar Malam Huo: Me Yake Nufi da Kada a Rama?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Rara ko Wurno ko Goronyo ya san yadda finafinan faɗa na ƙasar Sin suke tafiya. A kashe malami, ɗalibinsa ya yi rantsuwa, ya ɓuya ya ƙara koyon faɗa, ya dawo ya gama da mugu. Mu kuwa sai tafi da ihu. Amma akwai fim ɗaya da ya bar mu da gardama bayan an tashi. Sunansa Fearless, na shekarar 2006, inda Jet Li ya fito a matsayin Huo Yuanjia.

Shi Huo an yi shi da gaske. An haife shi a 1868, ya rasu a birnin Shanghai a 1910, shekarar da aka kafa makarantar motsa jiki ta Jingwu wadda ake dangantawa da shi. A ƙarshen fim ɗin an sa masa guba a shayi ana tsakiyar karawarsa da wani gwanin Japan mai suna Tanaka. Yana aman jini, babban ɗalibinsa ya zabura zai ɗauki fansa. Sai malam ya riƙe shi, ya roƙe shi kada ya rama, domin ramuwa jini kawai take ƙarawa.

To, me yake nufi? Waɗansunmu sun ce tsoro ne, ko kuwa zafin guba ne ya karya masa zuciya. Wannan fassara ba ta tsaya ba. Mutumin da ya gama maganar nan ya miƙe ya koma fili, alhali an ba shi dama a ɗage wasan. Matsoraci ba ya yin haka.

Sai mun koma tsakiyar labarin za mu gane. Da can Huo mai girman kai ne, ga shan giya, ga tarin 'yan kore. Wata rana aka kawo masa wani ɗalibinsa jina-jina, aka ce wani malami mai suna Qin ne ya doke shi. Bai tambayi dalili ba. Ya tarar da Qin a wurin bikinsa, ya yi masa dukan da ya zama ajalinsa. Kafin gari ya waye, wani yaron Qin ya je ya kashe mahaifiyar Huo da 'yarsa ƙarama. Daga baya ne ya ji cewa ɗalibin nasa ne ya fara laifi. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, Huo kuwa ya ɗanɗana zafin a cikin gidansa. Saboda haka gargaɗin nan ba wa'azin wanda bai san ciwo ba ne. Furcin mai laifi ne, wanda ya riga ya bi hanyar ya ga inda ta ɓulle. (Masu fim ne suka ƙaga wannan ɓangare. Zuriyar Huo tana nan, har jikansa ya kai ƙara kotu a 2006.)

Mu da muka tashi a bakin fadamar Rima, akwai wurin da ya fi shiga ranmu. Bayan masifar, Huo ya faɗa wani ƙauye, aka sa shi dashen shinkafa. Don gaggawar ya wuce kowa, sai ya cunkushe dashen, har wata yarinya makauniya ta bi baya tana gyarawa. Kowane manomin Wurno ya san shinkafar da aka matse ba ta yin 'ya'ya.

Abin da ke faruwa in an ƙi jin irin wannan gargaɗi kuwa, Bruce Lee ya nuna shi tun 1972 a Fist of Fury. Can an fara ne da jana'izar wannan malami Huo. Ɗalibinsa Chen Zhen, wanda shi ƙagagge ne, ya bi waɗanda suka sa gubar ɗaya bayan ɗaya. Muna yara mun ɗauka ya ci nasara. Amma a sake kallo: abokan gaba sun shiga makarantar Jingwu sun karkashe 'yan'uwansa ɗalibai, shi kansa ya ƙare a bakin bindigogi.

Ba labarin nesa ba ne a gare mu. Ba mu manta harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba 2021 ba, inda aka kashe mutane da dama, kuma mun san yadda kalmar ramuwa take yawo a yankinmu. Akwai ɗalibai a cikinmu da suka rasa nasu. Ba za mu ce musu abin da aka yi ba komai ba ne, Huo ma bai ce haka ba. Bai wanke mai guba ba, bai kuma janye daga fili ba. Abin da ya hana shi ne ɗalibi ya mai da hannunsa alƙali.

A zagayen ƙarshe ya sami damar yi wa Tanaka irin dukan da ya kashe Qin. Ya kai hannu har ƙirjinsa, sai ya tsaya. Tanaka ya gane, ya ɗaga hannun Huo sama, ya ce shi ne ya ci.