Illar Giya ga Fatar Mashayi

Ko da yake malamai sun daɗe da bayyana haramcin giya, wanda ya tabbata a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, likitoci ma sun shaida cewa sharrinta yakan bayyana ƙarara a fatar mashayi. Dalili kuwa, giya tana danne sinadarin da ke umurtar ƙoda ta riƙe ruwa, sai fitsari ya yawaita, fata ta bushe. Tana kuma buɗe ƙananan jijiyoyin jini, har fuska ta kumbura, idanu su kaɗa su yi ja. Idan al'amarin ya yi tsawo har hanta ta gaza, sai shawara ta kama mashayin, ƙaiƙayi ya addabe shi, rauni kuma ya yi jinkirin warkewa. Wanda ya tuba da wuri, galibi fatarsa takan farfaɗo.